Wayar Baffa Gali da Ragon Alhaji Ƙasimu

Ke Ikram, ya faru! Wallahi ya faru! Ajiye awarar nan ki matso kafin a kaɗa ƙararrawa. Asibitin Baffa Gali ya rushe jiya, har kanofin sai da ya faɗo a kan mutane. Tsaya mana, kar ki katse ni, daga tushe zan ɗauko miki.

Kin dai san Baffa Gali, ƙanin Babanmu, autansu. Wannan da in ya zo ɗaukata a babur yake tsayawa yana gyara wa maigadi Turanci. To gidanmu a Soron Ɗinki kowa tela ne tun kaka da kakanni, shi kaɗai ya ce zaman keke ba ajinsa ba ne. Ya yi sana'ar turare, ya fesa rabi a jikinsa. Ya yi kiwon kifi a baho, kyanwar maƙwabta ce ta yi ƙiba. Kwanan baya kuma sai ga shi da sabuwar waya, wai an sa masa wata manhaja a ciki, ka rubuta mata abin da ke damunka, ta yi maka tambayoyi, ta jero maka sunayen cututtuka. Rannan Gwaggo ta yi atishawa, ya daddanna, waya ta ce mura. Sai ya yi tsalle kamar wanda ya ci kujerar Makka.

Gwaggo ita ce yayar su Babanmu, ita ta raini Baffa Gali, kuma makullin komai na gidan nan a haɓar zaninta yake. Ta dube shi ta ce, "Mai majina har leɓe, ai ko akuya ta san mura yake yi."

Bai ji ba. Washegari ya same ta tana tankaɗe, ya tsuguna.

"Yaya, zauren nan nake so."

"Za ka koma kwana a can ne?"

"Asibiti zan buɗe."

"Asibitin wa? Kai da in za a yanke maka farce sai an riƙe ka?"

"Yaya, zamani ya wuce ku. Likita mutum ɗaya ne, kai ɗaya, ya karanta littafi goma ya manta tara. Wannan kuwa," ya ɗaga wayar, "likitocin duniya ne kakaf aka matse aka ɗura a ciki. Ba layi, ba yankar kati, ba 'likita ya fita salla', ba yajin aiki. Nan da baɗi asibitocin garin nan sai dai a mai da su wurin biki."

Gwaggo ta ajiye rariya. Ta ce ta ji, ta ba shi aron zaure, amma da sharaɗi. Akwai Nana Khadija ta Mandawari, 'yar ƙawarta, likita ce ta gaske, ta tafi wani kwas. Ran da ta dawo za ta duba duk wanda ya duba. In bakinsu ya zo ɗaya, zaure nasa ne har abada, ita da kanta za ta dinga ce masa Dakta. In kuwa ya saɓa, zai koma shagon Babanmu, shi ne sa maɓalli, shi ne guga, kuma ba zai ƙara kawo mata zancen wata sana'a ba.

"Nana Khadija? Yarinyar da na sani tana yawo ba ɗankwali? Yaya, na yarda. Ki fara koyon faɗin Dakta tun yanzu, kar harshenki ya sarƙe ranar."

Ikram, da kin ga shirin! Farar riga ya samo irin ta masu sayar da yogot. Ya rataya abin jin waƙa a wuya, wai shi ne abin auna ƙirji. Ya share zaure, ya sa benci, ya kafa allo a ƙofa: Dakta Gali, Likitan Zamani, Ba Jira.

Wanda tsautsayi ya fara kawowa shi ne Baba Ilu, ladanin masallacin layinmu. Tsoho ne, muryarsa ta ɗan dushe, yana ɗan tari. Shi ba ma magani ya zo nema ba, inuwa ya zo sha. Ya zauna a benci, ya yi tari, ya juya ya tofar a bakin ƙofa. Ja wur.

Baffa Gali ya miƙe zumbur. "Baba, kar ka motsa! Mene ne wancan?"

"Yawu ne, Gali."

"Dakta. Wane launi ne?"

"Launin goro mana. Tun hantsi nake taunarsa."

"Waya ba ta tambayi abin da ka tauna ba. Cewa ta yi, akwai ja a abin da kake tofarwa? I ko a'a?"

"To ai goron..."

"Babu gurbin goro a nan, Baba. I ko a'a?"

"I."

Ya danna. "Kana rama?"

"Ni tun ina saurayi haka nake kamar sillen kara."

"Yana rama." Ya danna. "Kana gumi in ka kwanta?"

"A zafin nan, ba wuta? Wa ba ya gumi?"

Ya danna. Waya ta jero cututtuka reras, har da mura a cikinsu, can tsakiya. Amma Baffa Gali ya ce a ransa babban asibiti ba ya buɗe kasuwa da mura. Ya duba wanda sunansa ya fi tsawo da ban tsoro, ya ja da baya, ya toshe hanci da gefen riga.

"Baba, sai haƙuri. Tarin tibi ne, kuma ya ci ƙarfinka."

Kafin La'asar babu gidan da labarin bai shiga ba. Aka ware wa Baba Ilu butarsa, aka ware masa kofi. A sahu, in ya tsaya nan sai kowa ya tuna yana da wuri a can. Aka ce kar ya ƙara kusantar lasifikar masallaci, wai zai bar ciwon a ciki. Aka ba Audu mai faci kiran salla. Ke kin taɓa jin an ja kwanon rufi a kan siminti? To muryar Audu ke nan. In ya ce Allahu Akbar jarirai su fashe da kuka, kaji su watse.

Shi kuwa Baffa Gali kansa ya kumbura. Yana zaune yana kaɗa ƙafa yana cewa, "Shekara da shekaru mutumin nan yana tofar da ajalinsa a gabanku, ba wanda ya gani sai da na zo."

Ranar Juma'a sai ga Alhaji Ƙasimu, mai atamfa a Kwari, wannan mai tumbin da yake riga shi shiga zaure. Ya taso daga masallaci a ƙafa, ya sha rawaninsa ɗan Kura, baƙin nan mai ƙyalli da yake zubar da shuni. Rana ta dake shi, gumi ya jiƙa rawani, goshinsa da leɓensa duk sun yi shuɗi. Ya tsaya ƙofar zaure yana haki, ya sassauta rawanin daga bakinsa don ya sha iska.

Baffa Gali ya leƙo. Ya dube shi, ya dubi waya, ya girgiza kai a hankali.

"Alhaji, tun yaushe leɓenka ya yi shuɗi haka?"

"Shunin rawani ne, ɗan nan."

"Haka duk suke cewa."

"Su wa?"

"Marigayan."

Alhaji ya nemi benci ya zauna.

"Kana haki?"

"Daga masallaci fa nake, da wannan kayan a gaba."

"Yana haki. Ƙirjinka yana yi maka nauyi?"

"Sai dai in na ci tuwon shinkafa na kwanta."

"Yana nauyi."

Ikram, sai fuskar wayar ta koma ja. Ta rubuta da manyan baƙi cewa wannan yana iya zama zuciya, a garzaya da shi asibiti yanzu-yanzu. Alhaji ya ce a kira direba. Baffa Gali ya riƙe masa hannu ya ce, "Ina za ka? Asibiti ta ce, to ai ga ka a asibitin." Ya rubuta masa ruwan ɗumi da lemon tsami, ya ce sauran kuma a bar wa Allah.

Alhaji Ƙasimu mutum ne da ko gawar ƙadangare ya gani sai ya canza hanya. Da ƙafarsa ya shigo zauren, da kafaɗar mutum biyu ya fita. Yana zuwa gida ya kwanta, ya ce a kira dangi a yafi juna. In ya yi alwala shuɗin ya ragu, sai Baffa Gali ya ce magani ya fara aiki. In 'yan dubiya suka zo ya mai da rawani don kar a same shi kai ba komai, shuɗin ya dawo, sai ya ce ciwon ne ya motsa. Matan gidan suna ta cewa rawanin ne, rawanin ne, Alhaji yana daka musu tsawa wai gādo suke jira.

Sannan ga ragonsa. Ragon da yake kiwo don Layya, wanda ake wa wanka da sabulu mai ƙamshi, in ya tsaya sai ki rantse maraƙi ne. Har hotonsa yake nuna wa mutane a kasuwa. Sai ya ce tunda ba zai ga Sallah ba, a yanka a yi sadaka ta riga shi zuwa can. Aka yanka. Layinmu kaf ba gidan da bai ɗora tukunya ba. Baffa Gali aka aiko masa da cinya sukutum, wai tukuicin gano ciwo da wuri. Ya zauna ya lamushe ta shi kaɗai, ko ƙashi bai miƙa wa kowa ba.

Daga nan sai abin ya shigo cikin gida. Anti Zubaida, amaryar Baffa Gali, ko shekara ba ta rufa ba. Ta fara amai da safe, jiri, in an soya daddawa sai ta gudu bayan ɗaki, ba abin da take so sai yalo da tsamiya. Matan gida suna kallon juna suna murmushi. Shi kuwa gogan naki ya ga ciniki har gida. Ya ɗauko kujera, ya dasa ta a tsakar gida, ga Gwaggo, ga Ummanmu, ga maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi.

"Amai?"

Ta ɗaga kai.

"Jiri? Ciwon kai?"

Ta ɗaga kai.

Sai ya gyara murya ya ce, da ƙarfi fa, "Waya ta ce a tambaye ki, ko kina da juna biyu?"

Taɓarya ta tsaya a sama. Wallahi ko ƙuda ya gifta sai kin ji. Ke ma kin sani, wannan tambayar ko uwar da ta haife ki ce ta yi miki ita a ɗaki sai kin sunkuyar da kai, balle a tsakar gida, a gaban yayar miji. Anti Zubaida ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni ban sani ba," in ji ta daga cikin mayafi.

"Babu 'ban sani ba' a nan. I ko a'a?"

Ta tashi da gudu ta faɗa ɗaki ta banko ƙofa.

"Kun gani ko? Har ranta ya ɓaci. A'a ke nan." Ya danna.

Gwaggo ta ce, "Gali, Allah Ya shirye ka."

"Amin, Yaya. Amma Dakta."

Waya ta jero nata. Ya bi da yatsa, ya tsallake gyambon ciki, ya tsallake gurɓataccen abinci, ya tsaya a kan ƙari a ƙwaƙwalwa. Ya yi salati, ya share ƙwalla, don yana sonta, ba a nan take ba. Amma kafin ya kai zaure har ya fara murmushi, yana lissafin cewa manyan cututtuka uku a unguwa ɗaya ko babban asibiti sai ya yi da gaske. Ya dawo ya kwashe yalon da tsamiyar ya ɓoye, wai su ne suke ciyar da ƙarin. Anti Zubaida ta wuni tana kuka, ya ce kukan ma alama ce.

Ana cikin haka shi ma jikinsa ya fara. Rana tsaka, kowa na neman mafici, shi yana karkarwa cikin suwaita, haƙora na haɗuwa. Ya shige zaure ya rufe ƙofa, ya duba kansa a ɓoye. Zazzaɓi, i. Ciwon gaɓoɓi, i. Ɗacin baki, i. Sai waya ta ce, kwanan nan ka yi tafiya zuwa ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro?

Ya yi tsaki. "Ni da ko Wudil ban je ba bana." Ya kashe sauron da ke cizonsa a wuya, ya danna a'a.

Ke Ikram, mutum yana zaune a tsakiyar ƙasar, ga kwata a bayan zaurensa tana kiwon sauraye, wai bai yi tafiya ba! Waya ta jero, shi kuma a nan ƙaramin ya zaɓa. Wai gajiya ce irin ta manyan ma'aikata.

Sai aka ce Dakta Nana Khadija ta dawo. Mai hankali da sai ya kira ta a asirce, ta duba, in da gyara a yi cikin rufin asiri. Ina! Baffa Gali ya ce irin wannan nasara ba a yin ta a ɗaki. Ya hayo kanofi, ya hayo kujerun roba, ya aro lasifika mai doguwar waya, ya gayyato mai unguwa. Jiya Lahadi da hantsi layinmu ya cika, har da 'yan Dukawuya da suka ji ana raɗe-raɗin za a raba lemo. Mata suna leƙe ta zaure da kan katanga. Aka zaunar da Baba Ilu can gefe shi kaɗai a rana. Aka ɗauko Alhaji Ƙasimu a kujera, ya sha rawani, idonsa a lumshe, carbi a hannu.

Baffa Gali ya riƙe lasifika, farar rigar yogot a kan suwaita.

"Jama'a, yau ranar tarihi ce! Yau za ku ga bambancin jirgin sama da jaki!"

Sai ga ta. Ba wani kwarjini fa, hijabinta ruwan toka, 'yar jakarta a hannu. Ta durƙusa ta gai da mai unguwa, ta gai da dattawa.

"Malama Nana, sannu da zuwa," in ji shi ta lasifika. "Kar ki ji kunya in kin ga abin da ba a koya muku ba. Ilimi kogi ne."

"Ina kwana, Yaya Gali. Ya jiki?"

"Jikin wa?"

"Naka. Suwaita a wannan ranar?"

"Ado ne. A fara!"

Ta nufi Baba Ilu. Mutane na ce mata kar ta matsa, ta matsa. Ta ce a ba shi ruwan leda ya kurkure baki sosai. Ya kurkure, ya kurkure, ya zubar. Ta ce ya yi tari ya tofar. Ya tofar. Fari tas kamar auduga. Ta sa abin aunawarta na gaske a ƙirjinsa da bayansa, ta haska maƙogwaronsa.

"Baba, mura ce ta sauka a maƙogwaro. Ka rage ruwan sanyi. In tarin ya ƙi tafiya ka zo mu gwada, amma ban ji abin tsoro ba."

Baba Ilu ya miƙe. "La'ilaha illallahu! Ina ta salla a gefe kamar wanda ya yi sata! Jikokina suna guduna! Na ce masa goro ne, ya ce wai babu gurbi!"

Wata murya daga kan katanga ta ce, "Alhamdu lillahi, a karɓe lasifika daga hannun Audu!"

"Network ne ya yi rauni ranar," in ji Baffa Gali. "A wuce na gaba. Wannan kam ko makaho ya gani."

Ta je gaban Alhaji Ƙasimu. Ta zaro farin hankici, ta jiƙa, ta ce, "Alhaji, a yi mini afuwa." Ta goge masa goshi, ta goge leɓe. Ta ɗaga hankicin sama. Hankici ya yi shuɗi, goshin Alhaji ya fito baƙi sumul kamar yadda Allah Ya halicce shi. Ta naɗa masa abin awon jini a hannu, ta saurari ƙirjinsa ta daɗe.

"Alhaji, zuciyarka tana bugawa lafiya. Jininka ne ya ɗan hau. Ka rage gishiri da kitse, ka zo asibiti mu sake dubawa."

Alhaji ya buɗe ido ɗaya. "Yanzu, 'yar nan, ba mutuwa zan yi ba?"

"Za ka mutu, Alhaji, kamar kowa, ran da Allah Ya so. Amma ba rawani ne zai kashe ka ba."

Ya buɗe ɗayan. Ya tashi zaune. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, carbin ya tsaya.

"Ina ragona?"

Ikram, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mai unguwa ya shiga gyaran hula. Audu mai faci ya ce shi wallahi romo kawai ya sha.

"Na ce ina ragona? Wa ya ci cinyar?"

Yatsu sun fi hamsin, duk wuri ɗaya suka nuna.

"Sadaka ba ta komawa, Alhaji," in ji Baffa Gali. "Saura babbar shaida! Saura iyalina! Wannan in kin isa ki goge da hankici!"

Dakta ta shiga cikin gida, Gwaggo na gaba. Ba su daɗe ba ta fito tana danne dariya.

"Lafiyarta ƙalau. A mayar mata da yalonta."

"Ƙalau? Mai amai kullum? To faɗi sunan ciwon a gaban jama'a in kin sani!" Ya tura mata lasifika a baki.

Ta ture. "Wannan ba maganar lasifika ba ce."

"Kun ji ko? Ba ta sani ba! Jama'a ku shaida!"

"Yaya Gali," in ji ta, "wayar nan ba ta gani, ba ta taɓawa, ba ta san goro ba, ba ta san kunya ba. Abin da ka gaya mata shi take juya maka da Turanci. Ko an ba ta bayani tsaf, sau da yawa ciwon gaskiyar yana can ƙasan jerin, wani lokacin ma babu shi. Abu ɗaya ta faɗa mai amfani, a tafi asibiti, shi ne kuma ka hana. Kawo hannunka."

Kafin ya janye ta cafke. Ta taɓa goshinsa ta ce, "Subhanallahi, ai ƙwai ma sai ya dahu a nan." Ta buɗe jaka ta zaro ɗan abin gwajin jini, wannan mai ɗan tsinin da ake sokawa a yatsa. Tsinin fa bai kai ƙayar kifi ba.

Baffa Gali ya gan shi. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Bari in ɗauko caja." Sai ya zuba da gudu. Wayar lasifika ta harɗe masa ƙafa, ya yi sama, ya rungumi ƙarfen kanofi, ƙarfe ya ce bisimilla. Kanofi ya kifo a kan mai unguwa da dattawa, ba ka jin komai sai salati daga ƙarƙashi, kujeru na ta karyewa. Ya rarrafo ya fito ta ɗaya gefen, farar riga ta rabu biyu, ya miƙi layi. Kin san wa ya bi shi? Alhaji Ƙasimu! Mutumin da aka kawo a kujera! Ya tattare babbar riga, rawani na warwarewa a bayansa kamar jela, yana ihu, "Ɓarawon cinya! Ku tare mini shi!" Baba Ilu ne ya sa wa Baffa Gali ƙafa a kwanar masallaci. Ƙarti huɗu suka danne shi, Alhaji ya zauna masa a baya, aka soka tsinin. Ihun da ya yi, ƙawata ta Mandawari ta ce sun ji, sun ɗauka gobara ce.

Dakta ta jira ɗan abin ya nuna, ta ɗaga ta ce, "Zazzaɓin sauro ne, kuma ya kama shi sosai. Duk asibitin nan mutum ɗaya ne mara lafiya, shi ne likitan."

Yara suka ɗauka da waƙa. Sai ga Gwaggo. Ta fito, ta cire allon nan ta miƙa wa mai ƙosai ta ce ta hura wuta, ta ja ƙofar zaure ta datse, ta ƙulle makulli a haɓar zani.

Yau da safe da zan taho na leƙa shagon Babanmu. Yana can a ƙasa, lulluɓe da bargo, an ɗura masa magani, gwangwanin maɓalli a gabansa, tulin riguna ya fi shi tsawo. Alhaji Ƙasimu ya kawo kujera ya kafa a bakin shagon, ko kasuwa bai fita ba. Ba ya zagi, ba ya komai. Sai Baffa Gali ya ɗago kai, sai Alhaji ya dube shi ya ce, "Meee."

To matso, ga ainihin labarin. Kawo kunnenki. Anti Zubaida ciki ne da ita! Wallahi! Matan gidanmu sun daɗe da ganewa, tun ran da ta fara gudun daddawa. Dakta tabbatarwa kawai ta yi. Za mu yi ƙani ko ƙanwa, za a yi suna a gidanmu, har na zaɓi ɗinkin da zan yi!

Amma shi uban gayyar har yanzu bai sani ba. Jiya da yamma ya rarrafa wajen Gwaggo yana roƙonta ta gaya masa abin da likita ta ce, ta ce masa ai yana da likitocin duniya a aljihu, ya tambaye su. Ta tara mu ta ce duk wanda ya gaya masa sai ta saɓa masa, a bar shi da wayarsa har sai ta gano da kanta. Yanzu haka in ya sa maɓalli biyu sai ya zaro ta a ƙarƙashin bargo yana dannawa, ɗazu na ji yana tambayar Babanmu ko yalo yana kawo ciwon hanta.

Don Allah, Ikram, don girman Allah, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko Ummanku. Musamman yayanki Nazeer, majalisarsu ɗaya da Baffa Gali, bakinsa kuma ba ya riƙe ruwa. In maganar nan ta koma kunnen Baffa Gali aka gano daga ni ta fito, Gwaggo sai ta jeme ni. Ki rantse. A'a, ba da kai ba, da baki za ki rantse!